Da Ƙafa a Jega, Aliero da Maiyama: Jagora ga Baƙon da Ya Zo Shi Kaɗai

Motar da ta taso daga Sakkwato za ta Yawuri ko Kontagora sai ta ratsa Aliero, ta ratsa Jega, ta ratsa Maiyama. Mutane da yawa iyakar saninsu da garuruwan nan uku ke nan: buhunan albasa a bakin titi, cunkoson mararrabar Jega inda hanyar Birnin Kebbi ta ɓalle, da yara masu tallar ruwa suna bin mota a guje. Ni ma shekaru na yi ina wucewa haka. Sai da wata hidima ta zaunar da ni a Jega na 'yan kwanaki, na shiga taka gari da ƙafa safe da maraice. Tun daga nan na koma sau da dama don tafiyar kawai. Abin da na koya ne zan shimfiɗa a nan, domin wanda zai zo shi kaɗai, bai san kowa ba, kuma yana son ya ga gari da idonsa.

A biranen da suka saba karɓar 'yan yawon buɗe ido, irin su Alƙahira da Istanbul, baƙo yakan riƙe taswira ya bi allunan da aka kafa, babu mai tambayarsa ɗan wane ne shi. Tarihin Jega kuwa a bakin dattawa yake, ilimin albasar Aliero yana hannun manoma da dillalai. Wanda bai sami bakin mutane ba zai yini yana yawo, ya koma gida ya ce bai ga komai ba sai katangu da kwalta. Don haka aikinka na farko shi ne ka sa a san ka. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa ɗan gari da gaisuwa ake samunsa.

Kafin a kai nan, sai a zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ƙafa ta fi jin daɗin ƙasar nan: damina ta ɗauke, turbobin fadama sun bushe, hunturu ya rage kaifin rana, sai dai ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, duk wanda ya ce zai yi yawon ƙafa da tsakar rana a lokacin yana wasa da lafiyarsa. A Agusta da Satumba gulbi kan cika ya malala cikin fadama, wasu hanyoyin su yanke. Yinin ma kashi biyu ne: daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa gab da magariba. Abin da ke tsakani na inuwa ne da abinci da hira. Kada ka raina wannan tsakanin. Mafi yawan abin da na sani game da garuruwan nan a kan benci na ji shi, rana tsaka, ƙarƙashin rumfar wani.

Kayan tafiya ba su da yawa. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, don sabo kafin azahar ya tayar maka da bororo. Hula ko malafa, gorar ruwa, man shafawa saboda faso, da takunkumi saboda ƙura. Ƙananan kuɗi a raba aljihu biyu. Katin shaidar ɗan ƙasa kada ya rabu da jikinka, waya kuma ta kwana a caji. Babbar jaka a bar ta a masauki, domin mai goye da ƙatuwar jaka yana leƙa lungu-lungu dole hankali ya koma kansa. Ka sa irin suturar mutanen gari, riga da wando da hula.

Jega ce ta fi dacewa da sansani. Ita ce a tsakiya, Aliero na arewa maso gabas, Maiyama na kudu, kowacce tafiyar 'yan mintuna ce a mota, Birnin Kebbi ma ba ta kai awa ɗaya ba. Doka ɗaya ba ta da sassauci: cikin gari ake yawon ƙafa, tsakanin gari da gari mota ake shiga. Babban titin na manyan motoci ne, gefensa ba a yi shi don mai tafiya a ƙasa ba. Ga kuma halin tsaro da Arewa maso Yamma take ciki, wanda ya sa baƙuwar fuska a bayan gari ta zama abin tuhuma. Mutanen da suke tambayar ka daga ina kake suna da hujja, garinsu suke tsarewa.

Saboda haka tun kafin ka taso ka nemi mai masauki, ko da sunan mutum ɗaya ne. Da wuya a rasa: wani abokin karatunka ya yi kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, wani maƙwabcinka ɗansa yana jami'ar Aliero, mai sayar maka da albasa a kasuwarku yana da dillalinsa a can. Ko a masaukin kuɗi za ka kwana, ka riƙe wannan suna da lambar wayarsa. Ranar da ka sauka, ka roƙe shi ya kai ka ka gai da mai unguwa. Minti goma ne, ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne daga wuri kaza, na sauka wurin wane, ina son in zaga in ga gari na kwana uku." Na ga amfanin wannan da idona. Wata safiya na tsaya kusa da gada ina kallon ruwa da waya a hannu, sai matasa biyu 'yan sintiri suka tsaya a kaina. Ba su yi mini tsawa ba, amma fuskarsu babu wasa. "Malam, wurin wa ka zo?" Na faɗi sunan mai masaukina da na mai unguwar da na gaisar jiya. Ɗaya ya buga waya, aka yi magana ba ta kai minti ɗaya ba, ya miƙo mini hannu. Shi ne ma ya nuna mini turbar da ta fi sauƙin gangarawa bakin gulbi. Da ba ni da sunan da zan faɗa, da ranar ta tafi a wani wuri dabam.

Kunnenka zai ɗan sha aiki idan daga Kano ko Zariya ka fito. Hausar nan ta yamma ce, 'yar'uwar Sakkwatanci. Za ka ji "lahiya" da "hura" da "tahi", ka ji "mi" a wurin "me", ka ji "wanga" da "gidanga", ɗan acaɓa kuma ɗan kabu-kabu ne. Kada ka kwaikwaya, kada ka yi dariya. Yi taka Hausar a natse, za a gane ka. Abin da za a auna ka da shi tsawon gaisuwarka ne. Wanda ya tsaya a majalisar dattawa ya jefa tambayar hanya ba tare da sallama ba, za a nuna masa hanyar, amma iyakar abin da zai samu ke nan. Yi sallama, ka ɗan rusuna, ka tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, ka jira a ce ka zauna.

Yadda nake koyon gari shi ne in kafa turaku huɗu a kaina: tasha, masallacin Juma'a, ƙofar fada da kasuwa. Safiyar farko ba na neman ganin komai sai in haɗa huɗun nan da ƙafa ta manyan hanyoyi, in dawo inda na fara. Wanda ya riƙe su ba ya ɓata, domin ko yaro ya tara zai nuna masa ɗaya daga ciki. Taswirar waya tana taimako a kan manyan tituna, amma cikin tsohon gari takan nuna hanya inda katanga take. Hasumiya da tankin ruwa da dogon ƙarfen sabis sun fi ta riƙon amana. Sai da maraice nake shiga lunguna, ina lura da inda rana take faɗuwa.

A Jega, daga ƙofar fada ya kamata a fara, domin nan labarin yake. Mutanen asalin garin Gimbanawa ake ce musu. Sunan ya fito daga Gimbana, garin da Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa bayan ya bar ƙasar Gobir. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta afka wa Gimbana ta kwashi mutane, da aka biyo da su ta kusa da Degel jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan yana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 da soma jihadi. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka gwabza a Kware, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega bayan haka a ƙarƙashin Gwandu, kuma har yau Sarkin Kabin Jega ake ce wa mai riƙe da garin. Ka shigo da wannan a kanka, amma kada ka shigo da shi a bakinka. Labarin Abdussalami yadda ya zo a littattafai da yadda jikokinsa suke ba da shi ba lallai su zama ɗaya ba. Kai baƙo ne, naka saurare. Tambaya ɗaya ta isa, "Baba, yaya aka yi aka kafa garin nan?" Sai ka gyara zama.

Kasuwa ce ta ɗaukaka Jega. A ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin yammacin daular Usmaniyya, zango ce ga fataken da suke tafiya Gwanja sayen goro, su kai kanwa da tufafi su dawo da huhuna a kan jakuna. Jakunan sun koma tireloli, amma garin bai bar halinsa na mahaɗa ba. Tambayi ranar da kasuwar take ci tun a tasha, ka tsara zuwanka ya zama ka kwana a jajibirinta. Da maraicen jajibiri ka shiga ka zaga rumfuna tun ba cunkoso, ka gane ina 'yan hatsi suke, ina 'yan kifi, ina kara, ina maƙera da 'yan koli. Washegari da sassafe ka tsaya a bakin hanya ka ga yadda take cika: kekunan shanu daga ƙauyuka, 'yan kabu-kabu da buhu uku-uku a baya, matan Fulani da ƙoren nono a ka. Wannan awa ɗayan ta fi mini duk sauran yinin.

Idan kasuwar ta cika, fara zaga ta ta gefe, sannan ka shiga layi-layi. Ka bi ɓangare ɗaya, kunnenka a buɗe, domin mai tura kura da ɗan dako ba sa iya tsayawa da kaya, "hanya, hanya" kawai za ka ji. Kada ka taya abin da ba za ka saya ba. Idan ka taya aka ce "albarka", ka ƙara ko ka yi godiya ka wuce. Idan aka sallama maka, ciniki ya faɗa, janyewa abin kunya ne. In kana son hira da mai sana'a, sayi wani abu ƙarami tukuna, ko lauje ne ko bandar kifi ta ɗari biyar, sannan ka tambaya. A kara kuwa kada ka tsaya bayan sa, kada ka sa baki a cinikin da dillali yake ƙullawa.

Maraice na gulbi ne. Gulbin Zamfara ya bi ta gefen Jega kafin ya je ya haɗu da gulbin Sakkwato, shi ne ya ba garin fadamarsa. Da rani za ka tarar da fangalin shinkafa da albasa da tattasai kore shar, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, masunta suna gyaran koma a kan yashi. Ka bi kan gaɓar da manoma suke bi, kada ka taka fangali. Inda ka hango mata suna wanki, ka canza hanya tun daga nesa. Ka ce wa manomi "sannu da aiki" ka tsaya, mafi yawansu suna son a tambaye su sau nawa suke ban ruwa a mako da abin da man inji yake ci musu. Kiran magariba ya same ka a cikin gari.

Aliero hanci ne yake fara sanar da kai ka iso. Albasa ce arzikin garin, kasuwarta tana cikin mafi girma a Najeriya, daga nan ake lodi zuwa Legas da Onica da Fatakwal har da ƙasashen maƙwabta. Lokacin cirar albasa, wato daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, shi ne lokacin kallo. Je da sassafe ka nemi gefe ka tsaya inda ba ka tare wa kowa hanya ba. Za ka ga an zube ta tsibi-tsibi, masu tsinta suna ware manya da ƙanana da waɗanda suka soma taɓuwa, masu ɗura buhu suna cika shi har ya yi tozo kafin a rufe a ɗinke, 'yan dako suna hawa katako da shi zuwa bayan mota. Kowa da aikinsa, kowa da ladansa a kan kowane buhu. Ka nemi mai masaukinka ya haɗa ka da dillali ɗaya. A cikin rabin awa zai fahimtar da kai abin da ya sa albasar da ake roƙon mai saye da ita a Maris take zama zinariya da damina.

Amsar tana cikin rudu, kuma rudu ya cancanci a taka a je a gan shi. Rumfa ce ta itace da kara da ciyawa, an ɗaga ƙasanta daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, a nan manomi yake ajiye albasarsa yana jiran farashi. Jiran caca ne da zafi da laima: kullum sai an duba an tsince ruɓaɓɓu, in ba haka ba ɗaya ta ɓata saura. Wani manomi ya ɗaga mini ciyawar rudunsa ya zaro guda, ya matsa wuyanta da babban yatsa. "Ka gani? In wuya ya bushe, ta kwana lahiya. In ya yi taushi, gobe sai zubarwa." Tun ranar ban sake sayen albasa ban matsa wuyanta ba.

Abu na biyu da Aliero ta yi suna a kai shi ne ɗori. Akwai gidajen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, ana kawo musu masu karaya daga nesa, wasu su yi makonni suna jinya a garin. A nan ina roƙon mai karatu ya yi hattara. Mutumin da ke kwance da karan ɗori a ƙafa ba abin kallo ba ne. Idan za ka je, ka je da ɗan gari, ka je a matsayin mai dubiya: ka yi sallama, ka ce Allah ya ba da lafiya, in da hali ka ajiye ɗan abin sayen lemo, wayarka kuma tana aljihu. Tambayoyinka ka kai su ga mai sana'ar idan ya sami sarari.

A bakin babban titi akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, ɗan garin, yanzu kuma take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Ita ta sa Aliero ta saba da baƙin fuska, ta kuma sa abinci da wurin cajin waya ba sa wuya a kusa da ƙofarta. In kana son shiga, ka gabatar da kanka ga masu gadi ka faɗi abin da ya kawo ka.

Ladabin lungu ɗaya ne a duk garuruwan uku. Zaure iyaka ne, namiji baƙo ba ya wuce shi sai an ce ya shigo. Lungun da ka ga yana ƙara matsewa, yara ƙanana suna kallon ka da mamaki, mai yiwuwa a ƙofar gidan wani zai ƙare, sai ka juya. Idan ka tarar da makarantar allo, ka gai da malam kafin ka tsaya sauraro. Idan aka tayar da salla kana kusa, ka shiga sahu. In kai ba Musulmi ba ne, ka koma gefe ka jira, kada ka gitta gaban masu salla. Hoto sai da izini, kuma akwai inda ko izinin ba a nema: shingen jami'an tsaro, gada, ofishin 'yan sanda, matan aure, majinyata. Yara za su biyo ka, ka yi musu fara'a amma kada ka raba kuɗi, don kafin ka kai ƙarshen layi sun zama runduna. Wanda ya bar aikinsa ya zaga da kai, shi ne ya cancanci ihsani, a ba shi a keɓe da "ga wannan a sha ruwa".

Mace mai tafiya ita kaɗai tana da wata dama da namiji ba shi da ita: tana shiga cikin gida. Rabin sana'ar garuruwan nan a tsakar gida ake yin ta, daga turara shinkafa da suyar ƙuli-ƙuli zuwa dakan fura da saƙar tabarma. Ki nemi mai masauki mace, ki sa hijabi ko babban mayafi, ki yi yawonki da rana, kuma a lunguna ki ɗauki 'yar rakiya daga gidan da kika sauka. Da kin yi sallama a gida ɗaya an ce "maraba da baƙuwa", gidan ne zai miƙa ki ga na gaba.

Maiyama safiya ɗaya ta ishe ta, kuma na fi son a bar ta a ƙarshe, bayan hayaniyar kasuwanni biyu. Garin manoma ne a kan hanyar Koko, yana ƙarƙashin masarautar Gwandu kamar Jega da Aliero. Daga tasha ka nufi fada ka yi gaisuwa, ka bi ta kasuwa, ka fita gefen gari inda rumbunan gero da dawa suke. Da kaka za ka tarar ana ɗaurin dami, ana sussuka, ƙaiƙayi yana tashi a iska. A nan na zauna da wani dattijo mai tufkar igiya a gindin bedi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina aka hito?" Na faɗa masa. "To mi kake nema?" Na ce gari kawai na zo gani. Ya yi shiru yana murza igiyarsa a cinya, can ya aika jikansa ya kawo mini fura a ƙwarya, ya shiga lissafa mini rijiyoyin da aka sha ruwansu kafin zuwan famfo da unguwar da kowacce take. Biyu daga ciki na je na gani da yaron a gabana. Ƙauyukan ƙaramar hukumar, irin su Andarai da Mungadi da Sambawa, kada ka nufe su sai da ɗan gari, kuma sai ka ji daga bakin mai unguwa cewa hanya lafiya a ranar.

Ka baro Maiyama kafin la'asar, don ka sami mota cikin sauƙi ka iso Jega da sauran rana. A tasha ka shiga motar da take kan layi, wadda 'yan kamasho suka san direbanta, kada ka tari ta bakin hanya don ragin kuɗi. Daren ƙarshe ka koma ka yi wa mai unguwa sallama kamar yadda ka gaishe shi da zuwa, ka kai wa mai masaukinka ɗan goro ko sabulu ko abin da ya sawwaƙa. In za ka yi tsarabar albasa, ka sa a zaɓa maka busasshiya a buhun da iska take shiga, kuma kada a ɗora mata kaya a but. Idan ka isa gida, ka buga wa mai masaukinka waya ka ce ka sauka lafiya, domin har sai ya ji muryarka yake ɗaukar cewa ka fita daga hannunsa.